Ranar Da Na Tunkuyi Surukina Saboda Murjani

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tunkuyi surukina ba. Tunkuya ta gaske nake nufi, da kai, irin ta rago. Ni da ko kaza ba na iya kora da ƙarfi, ni da 'yan ajinmu a lise, wato sakandare, suke cewa sai an kashe fanka kafin a ji muryata.

A shekarar da damina ta yaudare mu ne, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, sojoji kuma suka karɓi mulki a Yamai. Ina zaune a Tasawa gidan Kawu Isuhu, na gama karatu ina jiran a tura ni koyarwa. Kawu ya daɗe yana aikin fito da kaya a tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Abokansa da suka dawo gida, wani ya zo da mota, wani da injin niƙa. Shi kuwa teku ya ɗauko. Wani dogon akwatin gilashi ne cike da ruwan gishiri, da ƙananan kifaye masu launi kamar atamfa, da duwatsu masu ramuka waɗanda murjani ke tsirowa a kansu. (Ni ma sai a gidan na san cewa murjanin da ake ratayawa a wuya, kafin ya zama abin ado halitta ce mai rai, tana ci tana girma.) Ya ajiye shi a ɗakin ƙasa mafi sanyi, fanka na hura saman ruwan, direbobin manyan motoci na kawo masa gishirin teku. Matarsa, Inna Hajo, kullum da safe sai ta tuna masa cewa mutane na layi a fanfo shi yana shayar da kifin da ba a miya da shi.

Ni kam na sami wurin zama. Ban taɓa ganin teku ba, amma na rubuta masa waƙoƙi fiye da yadda na rubuta wa Laminu, malamin makarantar da aka sa mana rana da shi.

Cikin murjanin akwai wani iri da ya zo a ɓoye jikin wani dutse, ƙanana kamar maɓallan riga, kore-kore, da gezar da ke kaɗawa a hankali. Shi na fi so. Har waƙa na yi masa, na kira shi furen da ba ya jiran damina. Ashe mugu ne. Ya mamaye dutsensa, ya fara miƙa hannu zuwa na kusa, duk abin da ya hau sai ya shaƙe shi. Kawu ya zaunar da ni ya ce in daina yi masa kirari, yauƙinsa dafi ne. In ya shiga ido, ko baki, ko ɗan ƙaramin rauni, sai asibiti, in ma an kai. Ya ce wani abokinsa a Kwatano ya zuba wa irin dutsen tafasasshen ruwa don ya kashe shi, tururin kaɗai ya kwantar da gidan gaba ɗaya. Saboda haka ba a tafasawa, ba a kankarewa, ba a shanyawa inda akuya za ta lasa. A ciro dutsen ɗungurum, a nutsa shi cikin ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta, a rufe, sannan a binne.

Shi ya yi niyyar yin aikin, sai aka kira shi Mayahi, bisashen 'yan'uwansa na faɗuwa don yunwa. Ya tafi da buhunan dusa, ya daɗe bai dawo ba. Mugun murjanin kuwa ya kusa isa ga wani mai rassa kamar ƙahon barewa, wanda Kawu ya fi ƙauna. Na kira shi a waya, ya ce in yi, amma kada ko ƙwayar fatata ta kasance a waje.

Na bi umarni har na wuce gona da iri. Na sa tsohuwar rigar ruwansa, na huda buhun taki na zura a kai. Takalman roba har gwiwa. Safar hannu ta roba har gwiwar hannu, wadda na aro wurin maƙwabciyarmu ungozoma. Na ɗaure hanci da ɗankwali, na kifa hular kwanon babur ɗin Kawu, na sauke gilashinta. Inna Hajo ta leƙo daga madafa, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce Allah ya sa kada kowa ya gan ni haka. Na amsa da amin.

Aikin kansa ya tafi lafiya lau, kuma har yau ina alfahari da shi. Na ɗago dutsen a hankali, yauƙi na zuba, na sa shi a bokiti da ɗan ruwan akwatin, ko ɗigo bai taɓa ƙasa ba. Da yake ana girki a tsakar gida ga yara na kai da kawo, na ce bari in fitar da shi waje. Na ajiye shi ƙofar gida, a inuwar iccen bedi.

To, a wannan inuwar ce Kawu ya saba ajiye bokitin ruwa da buta tun da fari ya tsananta, don masu wucewa. Duk unguwa ta san ruwan da ke gindin bedin nan na kowa ne, ba a tambaya. Ni ma na sani. Kawai a ranar kaina na cikin teku.

Na koma ciki ɗauko jabel da murfi. Da na bi ta gaban akwatin sai na ga wurin da dutsen ya tashi, yashi fari tas, haske na rawa a kai, wani ɗan kifi rawaya yana zagayawa kamar mai duba sabon fili. Baitin waƙa ya zo mini. (Na sani. Ba sai kun faɗa ba.) Ina tsaye ina gwada shi a baki na ji sallamar maza a waje.

Na leƙa ta zaure. Mahaifin Laminu ne, daga Korgom, shi da ƙanensa. Sun kawo 'yan bisashen da suka rage musu kasuwa, suka biyo su gaisa da Kawu. Har yau ba na faɗin sunansa, Baba nake cewa. A lokacin kuwa ko inuwarsa na hango sai in canza hanya. Yarinyar da aka sa wa rana ba ta haɗa ido da surukinta, ba ta yi masa magana, in ya shigo ta ƙofa ita ta ɓace a ƙuryar ɗaki. Ƙafafuna har sun juya da kansu.

Sai na ga ya naɗe hannun riga. Azahar ta yi. Ya tsuguna gaban bokitina, ya ɗauki buta ya nutsa a ciki. (Daga baya ya ce ya ga dutsen, ya zaci don kada iska ta kifar da bokitin aka sa shi.) Hannu zai fara wankewa, sannan baki, sannan hanci, sannan fuska.

Na yi ihu. Ihuna dama ba wani ihu ba ne, ga ɗankwali ga hular kwano, abin da ya fita bai fi kukan kyanwa a cikin randa ba. Na ruga. Ina gudu na tuna safar hannuna duk yauƙin dafin ne, in na riƙe shi na shafa masa abin da nake son raba shi da shi. Sai na ɗaga hannuwana sama, na sunkuyar da kai, na rufe ido.

A kafaɗa na same shi. Buta ta yi gabas, hularsa ta yi yamma, Baba ya bi yashi da baya, ni kuma na zube a gwiwa ina haki, hannuwa har yanzu a sama.

Ƙanensa ya ga takalma da hular kwano, ga zamanin da ake ciki, sai ya ɗauka soja ne. Bai tsaya duba buhun taki ba. Ya ɗaga nasa hannuwan ya ce, "Ranka ya daɗe, takardunmu na aljihu. Bisashe muka kawo, ba mu yi komi ba."

Haka Inna Hajo ta fito da muciya ta same mu, mutum biyu hannuwa a sama, dattijo a kwance. Ba ni da halin cire hular da kaina. Ita ta zo ta zare ta, ta kwance ɗankwalin, fuskata ta bayyana jage-jage da gumi a gaban mahaifin mijin da zan aura. Na roƙi ƙasa ta tsage. Ƙasar Tasawa a shekarar nan duk ta tsattsage, amma ba inda nake durƙushe ba.

Inna ta fara ba da haƙuri tana cewa yarinyar ba haka take ba. Ni kuwa idona na kan yatsunsa, na ga suna sheƙi. Maganar farko da na taɓa yi wa surukina a duniya ita ce, "Baba, kada ku taɓa fuskarku. Ku miƙo hannuwan nan gaba."

Ya miƙo. Ina jin mamaki ne ya sa.

Na sa Inna ta kawo sabulu da bidon, jarkar ruwan shanmu, wanda aka sha layi kafin a samu. Ta dubi fuskata, ta je ta ɗauko. Ƙanensa na zubawa, ni ina tsaye nesa ina cewa a ƙara, a cuɗa tsakanin yatsu, a sake. Hannun mai jan guga ne, duk faso, wannan ya tsorata ni. Na ce sai an je likita ya duba. Baba ya ce lafiyarsa ƙalau, na ce sai an je. Aka je. Ba a sami komai ba sai kumburin kafaɗa, wanda kowa ya san mai shi.

Da suka dawo na riga na zuba jabel na rufe bokitin, na yi wanka, na shige ɗaki da niyyar kada in sake fitowa har abada. Ta taga na ji Inna na yi masa bayani. Ya saurara, sannan ya ce ya gane. A farin da ya wuce saniyarsa mafi kyau gyauron dawa ta ci, ɗanye shar mai ban sha'awa, kafin la'asar ta mutu. Ya ce in ƙasa na da irin wannan, ba abin mamaki ba ne teku ya samu nasa. Shi da ƙanensa suka ɗauki bokitin a amalanke, suka haƙa rami mai zurfi bayan gari, nesa da rijiya da hanyar dabbobi, suka binne har da butar.

Da yamma Laminu ya kira. Na ɗauka ina jiran in ji an fasa. Dariya ta hana shi magana. Da ƙyar ya gaya mini abin da Baba ya ce da ya isa gida: "Ɗiyar nan kada a bari ta kuɓuce. Kowa na jin kunyata, ita kaɗai ta ji tausayina."

Kawu ya dawo ya tarar da mai rassan nan nasa ya buɗe yana shan haske, bai rasa ko reshe ba. An ɗaura aure bayan girbi. A Korgom kuwa ba wanda ya san ni da waƙa. Kumandan suke ce mini, har yaran da ba a haifa ba a lokacin. In na kai wa Baba fura sai ya dafe kafaɗa ya ɗan matsa gefe, ya tambaya ko yau an yarda ya sha.

Abin da na koya ba shi da yawa. Ka ɗauko murfi kafin ka ɗauko dutse. Baitin waƙa kuma zai iya jira. In kuwa duk da haka ta kama sai ka tunkuyi surukinka, to ka nufi kafaɗa, ta fi saurin warkewa.