Gaisuwar Wani Bawan Allah

Shekarar da aka sake rabon gonaki saboda dam ɗin Bakolori, ma'aikacin rediyo ya tare ni a kasuwar Mafara. Na ce lalle ya sakaya sunana, don mai garinmu surukina ne. Har murya na shaƙe don kar a gane ni, na zazzage yadda mai garin ya ba ni tsandauri ya riƙe fadama.

To, wa ke sakin makirfo bai yi gaisuwa ba? Na gaida matata Hajo da ƙanena Buba mai gyaran keke.

Ran Juma'a aka sa hirar "wani bawan Allah", har da gaisuwar. Bayan masallaci suruki ya riƙe hannuna.

"Wani bawan Allah, ni ba ka gaishe ni ba."

Har yau haka Hajo ke kirana cin tuwo.