Salatin da Ba Shi da Saiwa

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da ruwa ya ci lambuna na Bagida ba, ko da sauran haƙorana sun bi 'yan'uwansu. Kwana uku sama tana zuba. Da aka ɗauke, albasata da salatina, wato latas, duk sun ruɓe a kwance. Ni kuwa ba ni da inshora (na ɗauka masu mota kaɗai ake yi wa).

Sai aka yi shela a masallacin Zongo cewa gwamnati za ta ba manoma irinmu iri da taki, amma sai ma'aikaci ya zo ya ga ɓarna da idonsa. Irin nan shi ne fatana, don ko ƙwaya ban tsira da ita ba.

To, jama'a, ni 'yar gidan mutunci ce. Uwata, Allah ya jiƙanta, takan ce baƙo ba ya ganin tsummanka. Da jin baƙon gwamnati zai zo, sai na ɗaura ɗamara. Na kwashe ruɓaɓɓiyar albasa, na tara bayan bukka, na rufe da tabarma. Na share, na gyara fangali. Da na ga wurin fayau ba ko ganye, kunya ta kama ni. Na hau zemijan, acaɓarmu ta nan, zuwa kasuwa, na sayo salati kwando guda, na kafa su cikin yashi layi-layi. Ranar kuwa na sha leshin da na sa a bikin autata.

Ma'aikacin ya iso, dogo mai tabarau, da littafi a hannu. Maƙwabciyata, ana ce mata Da Akosiwa, wadda muka shekara ashirin muna ban ruwa tare, ta tarbe shi da tsohon zane, laka har gwiwa. Ya rubuta sunanta, ya ƙetaro wurina.

"Maman, yaya ɓarna?"

"Alhamdulillahi, ɗana, sai godiya."

Ya dubi fangali kore shar, ya dubi leshi, ya rufe littafinsa. "Ke kam Allah ya tsare ki, ba ki buƙatar komai."

Na bi littafin nan da kallo.

"Hajiya!" in ji Da Akosiwa. "Jiya nan yashi ne tsirara! Wane malami ya yi miki aiki?"

Ma'aikacin ya durƙusa yana sha'awa. "Wane iri ne wannan da ruwa bai kashe ba? Ya kamata sauran manoma su sani." Ya ɗan taɓa guda, sai ga shi ya biyo hannunsa salin-alin. Ba saiwa. Ga kuma zaren mai sayarwa ɗaure a gindinsa.

Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Da Akosiwa ta zube a laka tana dariya har da hawaye, sannan ta tashi ta yaye tabarmar nan. Warin da ya taso shi ya yi mini shaida. Bawan Allah ya toshe hanci, kafaɗunsa na rawa don dariya, ya sake buɗe littafi.

"Maman, kowa ƙara mini ɓarna yake yi. Ke kaɗai kika ɓoye taki."

Na samu irina da takina, albasa ta yi kyau a shekarar. Salatin kuwa muka tsige, muka wanke, na cika masa leda (baƙo dai baƙo ne). Har yau in na iso lambu, Da Akosiwa kan ce, "Hajiya, yau na kasuwa za a dasa?"

Tun daga ranar na gane: baƙon da ya zo duba miki ɓarna, ba a tarbarsa da leshi.