Ranar da Na Ƙara wa Argungu Gudun Intanet

Lokacin da intanet ya fara shigowa Jihar Kebbi, ni ke kula da rediyoyi biyu masu aika intanet ta iska, waɗanda suka haɗa ofishinmu na Birnin Kebbi da wani shagon intanet a Argungu. Ta cikin wannan haɗin kaɗai nake iya shiga na Argungu in canza masa saiti.

Ranar rufe rajistar jarrabawa, mai shagon, Alhaji Bawa, ya bugo waya cewa ɗalibai sun cika shago, intanet kuma yana jan ƙafa.

Na ce, "Alhaji, ba sai na taso ba."

Har na kira abokan aiki su zo su koya. Na shiga rediyon Argungu, na ninka faɗin tashar da yake magana a kai don gudun ya ƙaru, na adana. Sannan na juyo kan namu don in daidaita su. Namu tsoho ne, ba shi da wannan faɗin sam. Rediyoyin suka daina jin juna, hanyar da zan bi in warware kuwa ita ce na toshe.

Alhaji ya sake bugowa: "Injiniya, mi kay yi muna? Ɗazu yana rarrafe, yanzu ko motsi babu!"

Haka na bi motar haya zuwa Argungu, na gyara a gaban ɗalibai, ba wanda ya amsa gaisuwata. Da ƙyar suka samu rajistar.

Har yau, ko fankar ofis ce ta rage gudu, sai wani ya ce, "Don Allah a ɓoye wa Injiniya. Muna son ta a haka."