Budurwa a Layin Gwajin Mahaifa

Ba zan taɓa mantawa ba da Larabar da na ɓata sunana da bakina, a gaban matan unguwarmu Moshi Zongo kusan kaf ɗinsu, ina kuma jin kaina gwana.

Lokacin ba a daɗe da samun 'yancin kai ba. Shekarata goma sha tara, ina koya wa mata karatu a ajin yaƙi da jahilci. Ina da keke, ina da agogon hannu, matan unguwa suna kirana Awuraba, wato 'yar boko mai iyayi. (Ni a lokacin na ɗauka yabo ne.) Saura wata biyu a ɗaura min aure da Isa, akawu a ofishin gona. An kai goro, an fara haɗa lefe. Damuwata ɗaya ce, mahaifiyarsa Mma Azara, mai sayar da man kaɗe a kasuwar Aboabo. Ba ta taɓa cewa ba ta so na ba, amma kowa ya san ra'ayinta a kan yarinyar da ke zaga Tamale bisa keke. Kalma ɗaya daga bakinta ta isa a fasa auren.

Sai aka ce wata likita ta zo asibiti tana duba mata saboda kansar bakin mahaifa, ciwon da a lokacin ba mu san shi da wani suna ba sai jinin da ba ya tsayawa. Magajiyar unguwa ta roƙe ni in taya ta jawo hankalin mata. Mako guda ina yi musu huɗuba a aji, ƙasa ta waye, mu ma dole mu waye. Abin da ban yi ba shi ne in tambayi yadda gwajin yake, da kuma waɗanda ake yi wa.

Ranar, sarƙar kekena ta zame a hanya, na iso a makare, hannuna baƙi ƙirin da mai. Ashe kafin zuwana Sista Fati, babbar nas, ta tara su a baranda ta yi musu bayani dalla-dalla: gwajin na matan da suka taɓa sanin namiji ne, wadda ba ta taɓa ba ta koma gida. 'Yan matan da suka zo ma sun riga sun tafi. Ni duk ban ji wannan ba.

Abin da na tarar kawai, mata cike da benci, kowacce ta sunkuyar da kai, ƙofar likita a buɗe, ba mai shiga. Ga Mma Azara a bencin gaba tana asuwaki. Na ce a raina, yau za ta ga amfanin suruka 'yar boko. Na jingine keke, na tsaya a tsakiya.

"Iyayena, mene ne abin tsoro? Ni zan fara shiga. Ai ni ma gwajin nan ya shafe ni, kamar yadda ya shafi kowacce a cikinku."

Magajiya ta kamo bakin zanena ta ce a hankali, "Awuraba, zauna tukuna."

"A'a, Magajiya," na ce da ƙarfi, "ni na daɗe da wuce jin kunyar irin wannan abu."

(Wallahi haka na faɗa. Har yau in na tuna sai na rufe fuska.) Wata tsohuwa ta yi salati. Mma Azara ta cire asuwaki daga bakinta, ta dube ni daga sama har ƙasa. Ni kuwa na shige ina taƙama, a zatona burge su na yi.

A ciki na ga gado, da wani ƙarfe mai kama da bakin agwagwa a cikin tasa. Sista Fati ta ɗauki kati ta rubuta sunana.

"Mijinki fa?"

"Sai bayan wata biyu, Sista."

Ta ajiye alƙalami. "To, kin taɓa sanin namiji?"

"Subhanallahi! Sista, wace irin tambaya ce wannan?"

"Irin wanda na yi ma kowa a waje kafin ki zo," ta ce, ta kuma maimaita min bayanin da na rasa.

Likita ta ƙara da nata a natse, Sista na fassarawa. Ta ce ciwon yawanci saduwa yake bi, wadda ba ta taɓa ba haɗarinta kaɗan ne ƙwarai, don haka ba za su taɓa ni ba, sai dai in ina ganin jini ba a lokacinsa ba, ko wani ciwo a mara. Da ƙyar na ji rabi. Hankalina yana kan abin da na shelanta a baranda. Tsoro ya kama ni, na fashe da kuka.

"Sista, uwar mijina tana waje. Aurena ya mutu tun ba a ɗaura ba."

Ba ta lallashe ni ba. Ta kama hannuna mai baƙin man nan, ta ja ni baranda, ta ɗaga muryar da take kiran marasa lafiya da ita, cikin Hausarta da ba ta bambanta "shi" da "ita".

"Ku ji! Wannan Awuraba naku bai san komi ba. Namiji bai sani ba, bayani ma bai ji ba. Ku kai shi gida!"

Ta sake faɗa da Dagbanci, yaren garin, don kada wani ya rasa. Har mazan da ke jiran allura a can gefe sai da suka waiwayo. Baranda ta kece da dariya, Magajiya har da riƙe ciki. Na rasa inda zan sa kaina.

Mma Azara ba ta yi dariya ba. Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta zo daidai inda nake tsaye na tare ƙofa.

"Matsa, ɗiyata, bari masu abin su shiga."

Ita ta fara shiga, sauran suka bi ta. Kuma ranar ce ta fara kirana ɗiyarta.

An ɗaura aure a kan lokacinsa, sai dai sunan Awuraba ya ɓace, na koma Bai-san-komi-ba, har a bakin 'yan ajina. Bayan na haifi ɗana na fari, da aka sake zuwa gwajin, Mma Azara da kanta ta tasa ni gaba har barandar nan, ta ce, "To, yanzu kam layinki ne. Yi mana huɗuba." Sai na lallaɓa na zauna a bencin ƙarshe.

Tun daga nan, ko layin biredi na tarar, sai na tambayi na mene ne, kuma su wa aka kira, kafin in ce ni zan fara.