Rasuwar Hular Mista Danyluk, Wadda Aka Jefa Kan Ƙanƙara Bisa Kuskure

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai kuma wanda sanyi ya samu hanyarsa a karon farko cikin shekara talatin da shida, Mista Orest Danyluk, tsohon hedimastan sakandaren Marten Creek, mai kujera ta huɗu a layi na tara a zauren wasan hokin ƙanƙara na garin, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da duk masu tikitin kakar wasa rasuwar hularsa. Ta rasu ranar Lahadi da rana, a zango na uku na wasan ƙarshe na kakar bana, a gaban shaidu dubu uku da ɗari biyu, kuma a hannun mai ita.

Marigayiyar hular fatar zomo ce, ruwan toka, mai marufin kunne biyu da maɗaurin haɓa. Ta shigo gidan Danyluk tun ana shan taba a cikin zauren. Ta ga koci goma sha ɗaya sun zo da alkawari sun tafi da akwatunansu. Ta ga samari 'yan shekara goma sha shida sun sauko daga bas babu gemu, ta gan su sun cika ashirin, doka ta sallame su daga gasar matasa, ƙalilan zuwa manyan ƙungiyoyi, akasari zuwa gonar alkamar iyayensu. Sau biyu ta raka ƙungiyarmu har wasan ɗaukar kofi, sau biyu ta dawo gida a matse cikin hannu.

Ba mai surutu ba ce. Iyakar abin da aka san ta da faɗa shi ne "ƙwas" na maɓallin haɓa idan za a fita daga gida, da wani "ƙwas" mai ɗan ƙarfi idan alƙalin wasa ya zalunce mu. Kalmarta ta ƙarshe, wadda mai ita ya rantse ya ji duk da ihun jama'a, ita ce "ɓat".

Kowa ya san al'ada: idan ɗan wasa ɗaya ya zura uku a raga a wasa ɗaya, 'yan kallo kan tuɓe huluna su jefa kan ƙanƙara don girmama shi. Marigayiyar ta halarci wannan biki sau arba'in da bakwai ba ta motsa daga mazauninta ba, domin mai ita na ganin hula irinta ba a tuɓe ta sai a wasan da rayuwar kaka ta rataya a kansa. Yana kuma da ƙa'idoji biyu da ya sha karanta wa layi na tara ko ba a tambaye shi ba. Ba a jifa sai mai sanarwa ya ambaci sunan wanda ya ci. Hular da ta taɓa ƙanƙara kuwa ta bar hannun mai ita har abada.

A kan ta biyun aka yanke hukuncin da dattawan zauren ke kira shari'ar Thiessen. Shekara ashirin da ɗaya da suka wuce, Mista Lorne Thiessen, dillalin injinan noma, mai kujera ta biyar, yana kaɗa sabuwar hularsa a sama don murna sai ta suɓuce, ta tsallake gilashin da ya kewaye filin ƙanƙarar ta sauka a ciki. Ya miƙe zai je ya karɓo. Mista Danyluk ya riƙe masa hannun riga, ya bayyana masa a gaban layi uku cewa ƙanƙara ba ta tambayar niyya. Mista Thiessen ya koma gida da sanƙonsa a waje cikin sanyin Janairu. Ya karɓi hukuncin. Bai manta da shi ba.

Jinyar marigayiyar gajera ce. Ƙungiyarmu na buƙatar nasara ranar Lahadin kafin ta shiga zagayen neman kofi. Baƙi na da uku, mu biyu, duka biyun kuma daga sandar kyaftin ɗinmu Kade Brennholt, wanda shekarunsa sun cika, wannan ce kakarsa ta ƙarshe. Saura minti shida, Brennholt ya maka faifan robar da ke matsayin ƙwallo a wasan daga nesa, ya ratsa ƙafafun mutum biyar, jar fitilar bayan raga mai nuna an ci ta kama. Mista Danyluk ba ya neman uzuri. Yana dai so a rubuta cewa daga kujera ta huɗu abin ya yi kama da ci na uku ƙwarai da gaske. Ya miƙe, ya ɓalle maɓallin, ya yi jifan da kafaɗarsa ba ta huce daga shi ba har yau, mai sanarwa kuwa bai ko buɗe baki ba.

Da wani ne ya fara, da jama'a sun jira. Amma garin nan ya san Hedimasta ba ya kuskuren lissafin ci. Layi na tara ya bi shi, na goma ya bi na tara, huluna sama da ɗari huɗu suka rufe filin. Minti bakwai ma'aikata suna kwasa da shebur. Sannan mai sanarwa ya gyara murya ya ce wanda ya ci shi ne Remy Gauvreau, domin faifan ya goge bakin sandarsa kafin ya shiga. Brennholt biyu gare shi. Kawuna dubu uku, da yawa a cikinsu tsirara, suka juyo layi na tara a lokaci guda.

Baƙin sun huta a mintunan nan bakwai, suka ci mu a ƙarin lokaci, kakar ta ƙare. Mista Danyluk ba ya cewa hularsa ce ta kashe kakar bana. Sauran garin ne ke cewa.

Ranar Litinin hukumar ƙungiyar ta sanar cewa tunda jifan na kuskure ne, kowa ya zo ya ɗauki tasa. Aka jera su a kan tebura a harabar zauren. Kafin Laraba duk an kwashe, saura ɗaya, ita kaɗai a kan dogon tebur, kunnenta na dama a yanke inda ƙarfen takalmin wani ɗan wasa ya bi ta kansa. Mai ita ya wuce ta gaban tagar harabar sau uku a rana ɗaya, a kan wasu uzurori da suka kai shi wannan titin.

Ya duba littattafansa da ya rubuta tarihin wasannin kaka talatin da shida a ciki, yana neman inda aka taɓa sassauta ƙa'idar. Da bai samu ba, ya gina hujja da kansa: jifan da aka yi wa cin da bai tabbata ba, ba jifa ba ne, saboda haka a idon al'ada marigayiyar ba ta taɓa barin kansa ba. Ya kai hujjar teburin da dattawa ke shan kofi da safe, ya karanta ta shafi biyu. Mista Thiessen ya saurara har ƙarshe, ya ajiye kofinsa a hankali.

"Hedimasta, ni ma fa ba da gangan na yi ba," in ji shi. "Me ka ce mini ranar? Ɗan maimaita da ƙarfi, kunnen nan nawa bai ƙara ji sosai ba tun sanyin da ya sha."

Mista Danyluk ya maimaita. Da ƙarfi.

Da yamma 'yarsa Nadine ta zo da miyar kabeji, ta same shi yana kallon ƙusar bayan ƙofa. "Baba, minti biyu ne fa. In shiga in cusa ta a jaka, wa zai sani?" Ya gode mata, ya tuna mata cewa duk wanda ya wuce ta ajinsa zai sani da zarar ya gan ta a kansa, wato rabin garin, kuma mutumin da ya sa wani ya bar hularsa ba ya aika 'yarsa satar tasa. A daren ne ya amince cewa ta rasu.

Ta bar kai ɗaya mai sanƙo, kunnuwa biyu da ba su san wahala ba sai makon nan, mayafin wuya mai launin ƙungiya, da safar hannu ta hagu, ta daman ta riga ta tafiya a wata bas tun kaka uku da suka wuce. Akwai wata hular saƙa mai tuntu da Nadine ta sayo. Iyali ba su amince da ita a matsayin magajiya ba.

Za a ɗauki gawar ranar Juma'a da ƙarfe huɗu daga harabar zauren, kamar yadda hukumar ta saba yi da kayan da ba a nema ba, zuwa shagon gwanjo na ƙarƙashin cocin unguwar gabas, inda Misis Halvorsen za ta karɓe ta. Masu rakiya su zo da hulunansu a kai, su kuma bar su a kai. Ba a buƙatar furanni, ba a buƙatar bayanin yadda faifan ya goge sandar Gauvreau, an riga an ji.

Shagon na buɗewa Asabar da ƙarfe tara. Mista Danyluk ya sake bin littattafansa shafi-shafi, bai ga inda al'ada ta hana mutum sayen tsohuwar hular da ba ta da mai ita ba, kuma zai kasance a bakin ƙofa tun takwas da rabi. Ana roƙon Mista Lorne Thiessen, wanda aka gani jiya yana tambayar Misis Halvorsen ko tana buɗe ƙofar baya kafin ta gaba, da ya ji tsoron Allah, ya tuna cewa kan nan nasa ya yi wa marigayiyar girma da lamba biyu.