Farar Ƙasar da Na Shafa wa Jirgin Sama

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da aka ƙera jirgin sama a bayan gidanmu a Angwan Iya, ni kuma na tsoma hannu inda ba a kira ni ba. Jirgin sama na ce, mai fukafukai da kujera da farfela, wanda akuyoyinmu suka fi kowa morar inuwarsa.

Ɗana na fari ne ya ƙera shi, don haka kada ku jira in faɗi sunansa. (Da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci, yanzu ni ke rubuta abina, amma ko a takarda hannuna ba ya yarda da sunan nan.) A zamaninmu uwa ba ta kula ɗan fari a gaban mutane. Ba ki kiransa, ba ki yabonsa, in ya faɗi ma sai ki kau da kai wata ta ɗaga shi. "Wancan" nake ce masa. Ya haura shekara ashirin, yana walda a wani gareji a Tudun Ƙofa. Shekara biyu ya yi yana tsince-tsince: langa-langa, bututun ruwa, tayoyin babur, da injin motar nan da ake ce wa kunkuru. In mata suka tambaye ni sai in taɓe baki in ce, "Wancan ai bola yake tara mana."

Ƙarya nake. In ba kowa sai in leƙa ta katanga in ji kaina ya yi girma.

To labari ya kai Jos, aka ce wani babba zai zo ya gani. In aikin ya yi masa, zai sa a ɗauki Wancan makarantar koyon gyaran jirgi, abin da yake buri ke nan tun bai fara gemu ba. Sai dai jirgin ba fenti. Nan tsatsa, can baƙin walda, faci a kan faci kamar rigar mahaukaci.

Mai fentin motoci da aka yarda da shi lokacin wani mutumin kudu ne, Oga Sande. Kuɗin mai sun shigo, kowa ya sayi mota, layi har bakin titi a garejinsa. Da farko ya ce a kawo jirgin, fukafukai suka ƙi wuce lungunmu. Ya ce zai zo da injin feshi, aka tuna masa ba mu da lantarki. Ya ce to da burushi, sai koren fentin da ake so ya yi ɓatan dabo a kasuwa. Kullum maganarsa ɗaya: "Kai bari damuwa, gobe ni zuwa." Wata uku muna cin goben nan.

Saura kwana ɗaya baƙo ya zo, ranar Juma'a ce, Wancan ya hau mota zuwa Akwanga neman wani mai fentin. Ko koko bai sha ba. Na bi ƙeyarsa da kallo na ga yadda ya rame. Sai na ce wa kaina, wai shin fentin nan mene ne? Ni da har daga Jigwada ake zuwa ɗaukata in shafe ɗakin amarya da farar ƙasa?

Da maza suka fara shirin masallaci sai na jiƙa farar ƙasa a baho, na ɗauko tsumma da tsintsiya. Shafi biyu na yi masa. Kore babu, sai na kwaɓa bula na ja layi daga hanci har wutsiya, na yi 'yan zane irin na bakin ƙwarya a fukafukai. Rana ta busar da shi nan da nan. Ya fito fari tas kamar balbela.

Da yamma Wancan ya dawo hannu rabbana. Ya daɗe tsaye gaban jirgin. Ya shafa yatsa, ya kalli yatsan, sannan ya zo ƙofar ɗakina ya durƙusa.

"Iya, wa ya yi aikin nan?"

"Ina ruwana da bolarka? Tambayi akuyoyi."

Ya dubi ƙafafuna (ashe ban wanke dunduniya da kyau ba), ya ce, "To Allah ya saka wa akuyoyin da alheri."

Washegari baƙo ya iso cikin baƙar kwat da tabarau. Ga mai unguwa, ga liman, ga maigidana ya sha shuɗiyar babbar rigarsa. Mu mata muna bayan katanga, kowace ta taka turmi. Kusa da ni Talatu ce, ƙanwar maigidana, wadda bakinta ya fi reza. Da na ji baƙo ya ce fentin ya yi kyau, saura kaɗan in faɗo daga turmi don daɗi.

An ɗaure wutsiyar jirgin a jikin mangwaro, don inji kawai za a gwada. Wancan ya ce kowa ya koma baya saboda farfela, manya suka jeru a bayan jirgi. Ya murza, inji ya kama, jirgi ya hau kakkarwa kamar mai masassara. Abin da ban sani ba shi ne, bango yana shan farar ƙasa, ƙarfe kuwa ba ya sha, zama kawai take yi a kai. Iskar farfela ta kwashe aikina kaf ta juye wa manyan gari.

Da inji ya tsaya, ba ka gane liman daga mai unguwa. Baƙo ya koma kamar mai aikin injin niƙa, sai tari yake yi. Ya cire tabarau ya ce, "Wa ya yi wannan fentin?"

Wancan ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

Na ga makaranta tana shirin kuɓuce masa saboda ni. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Ƙarya yake yi, ni ce uwarsa, ni na shafa. Shi ƙarfe ya haɗa, ku duba ƙarfen ku ƙyale min ɗa."

"Min ɗa" fa na ce, a gaban liman, a gaban maigida. Talatu ta rangaɗa guɗa ta ce, "Jama'a ku shaida, yau bola ta yi uwa. Yaya, ashe son nan har da shafi biyu?" Mata suka kwashe da dariya. Na sauka daga turmi na shige ɗaki, da ƙasa za ta tsage da na gode mata.

Daga ɗakin nake jin baƙo yana dariya yana tari. Ya ce a sake tayar da injin, amma wannan karon daga gefe zai tsaya. Da yake jirgin ya koma tsirara, sai ya bi waldar ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa. Bayan wata biyu takarda ta zo, Wancan ya tafi makaranta. Jirgin kam bai taɓa tashi ba, amma mai shi ya ci abinci da gyaran jirage har ya yi furfura.

Sai da ya tara iyali na tambaye shi, ina kallon gefe, me ya hana shi wanke abin tun ranar Juma'ar. Ya ce ya san ba zai kama ba, amma shi ne karo na farko da na taɓa wani abu nasa da hannuna, ya kasa zuba masa ruwa.

To mata, ga abin da na koya. In za ki taimaki ɗanki a ɓoye, ki tsaya a addu'a, ita ba ta bulbule liman. In kuwa hannunki ya ƙi zama, kafin ki shafa wa abu farar ƙasa, ki zagaya ki duba ko yana da farfela.