Gwaggo Ta Tafi da Awon Mutum Ɗari Uku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, mai shagon ɗinkin kayan ma'aikata da ke hawa na biyu yake sanar da rasuwar Gwaggo, tsohuwar na'urar da ta shekara goma sha uku tana karɓar imel ɗin shagon tana adanawa. Ta cika ranar Litinin da azahar a ƙarƙashin teburin sakatariya, inda ta yi rayuwarta kaf.

Marigayiyar mai haƙuri ce. An ɗora mata kofin shayi, an jingina mata ƙafa, ƙurar yadi ta toshe mata hanci, ba ta taɓa kai ƙara ba. Iyakarta "hmmm" da safe, in aiki ya yi yawa ta ce "ƙir-ƙir-ƙir".

Ciwon ajali ya faro bara, da fankar cikinta ta tsaya. Mai gyara ya ce a sayi sabuwa, ko a mai da wasiƙun hannun kamfanin adana imel da ake biya wata-wata. Maigidan ya ji farashi, ya ce a bari sai ciniki ya buɗe. Ya jawo fankar tsaye, ita kaɗai gare su, ya saita ta a kan Gwaggo, ya kafa doka kada mahaluƙi ya juya ta. Wata tara maɗinka suna gumi, ita tana shan iska.

Mai dokar barci kuwa shi ya ɓuge da gyangyaɗi. Ranar Litinin wakilin wata masana'anta ya zo, wanda ya ba su ɗinkin riguna ɗari uku, babban aikinsu ɗaya tilo na bana. Baƙo ya share goshi sau biyu, maigidan da hannunsa ya juya masa fankar. Awa biyu ana hira, maigidan yana cika baki cewa awon da aka turo da safe yana nan a adane, su ba su taɓa ɓatar da saƙo ba. Bai rufe baki ba Gwaggo ta ce "tik", ta yi shiru. Maigidan kaɗai ya ji.

Ta tafi da awon a cikinta, ba wanda ya buga shi a takarda. Ta bar maɗinka shida da almakashi a hannu, bandir ashirin na yadin da ba a san inda za a yanka ba, firinta marainiya, da maigidan da kunya ta hana shi kiran baƙon, tsoro ya hana shi cin abinci. Saura kwana goma a kai kaya.

Za a kai gawar wurin mai gyara gobe da ƙarfe tara, a duba ko faifan ajiyar saƙonni na cikinta yana da sauran numfashi. In babu, za a binne ta a saman kabad ɗin sito. Ana karɓar gaisuwa baki da baki, don ba inda saƙo zai sauka. Duk wanda ya san faɗin kafaɗar wani ma'aikacin masana'antar, don Allah ya taho da shi. Masu zuwa su riƙo mafici. Fankar tana kan marigayiya, maigidan ya hana a kashe.